Ƙafar Ƙaramin Jirgi da Rigimar Milimita Biyu

A Ingila akwai mutanen da suka duƙufa kan harhaɗa ƙananan samfuran jiragen ƙasa, masu tafiya da lantarki a kan layin dogo da aka shimfiɗa bisa tebur. Ba wasan yara suka ɗauki abin ba, don wasunsu har ƙusoshin jikin tukunyar kan jirgi suke ƙirgawa. Amma duk kyan samfuri, ƙafafunsa ne ke tona masa asiri.

Matsalar ta samo asali ne daga ma'aunin OO, wanda ya fi karɓuwa a can. Ana rage girman jirgi sau 76.2. Faɗin layin dogo na gaske milimita 1,435 ne, don haka na samfurin ya kamata ya zama 18.83. To amma 16.5 ake amfani da shi, wato layin ma'aunin HO da Amurka da sauran Turai ke bi, inda ake ragewa sau 87. Kawunan jiragen Birtaniya ƙanana ne, injin lantarkin da ake da shi a farko bai shiga cikinsu, sai aka ƙara wa jiki girma aka bar layin yadda yake. Da kamfanin Meccano na Liverpool ya fito da Hornby Dublo a 1938, abin ya zauna daram. Sakamakon shi ne ƙafafu sun shige ciki, kamar ƙato sanye da takalmin ƙanensa. Ga kauri, ga dogon leɓe mai riƙe layi don kada jirgi ya goce a kwana, ga ƙyallin ƙarfe da ba a saba gani a gefen ƙafar jirgin da ke aiki ba.

Gyara mafi sauƙi shi ne kashe wannan ƙyalli, kuma a ganina shi ya fi biyan wahala. Ana wanke maiƙon ƙafar, a shafa wa gefenta ruwan baƙanta ƙarfe irin na masu gyaran bindiga, ko fenti marar sheƙi. Baƙi wuluk ma kuskure ne. Ƙafar jirgi mai aiki tana ɗauke da ƙurar birki mai ruwan tsatsa, da danshin mai kusa da cibiya, kuma mai lura yana kwaikwayon wannan daga tsofaffin hotuna. Wuri biyu fenti ba ya taɓawa: fuskar da ke taka layi, da bayan ƙafar inda siririyar waya ke gogawa tana ɗaukar wuta. In aka rufe su, jirgin ya tsaya cak. Daga nan a yanko farantan daidaita nauyi daga siririyar roba a manna tsakanin sandunan ƙafar, a musanya manyan kawunan kusoshin sandar haɗi da ƙanana.

Wasu kuwa suka ce kwalliya ba ta gyara asali. A 1955 aka kafa EM Gauge Society, ƙungiyar masu ma'aunin EM da ke buɗa layin zuwa milimita 18, daga baya 18.2. Masu wani ma'auni da ake kira P4 suka ƙi ko wannan rangwamen, suka tsaya kan 18.83, da leɓen da bai kai rabin milimita ba. Ƙafar P4 abar kallo ce, amma ba ta yafiya. Sai an sa wa gatari sifirin ko wata dabarar lanƙwasawa don kowace ƙafa ta zauna a layi, kuma dole mutum ya shimfiɗa layinsa da daidaito mai tsanani. Wanda ya sayo ƙafafun kamfanin Alan Gibson ko na Ultrascale zai kuma sha fama wajen saita kusoshin dama da hagu su saɓa da digiri 90 daidai, in ba haka ba sandunan su cije.

Ina girmama masu P4, amma ina ganin EM ta fi fahimtar idon mai kallo. A gidan tarihi na Pendon da ke Oxfordshire, wanda Roye England ya assasa, jiragen da ke ratsa samfurin karkarar Ingila ta shekarun 1930 a kan layin EM suke tafiya, kuma da wuya mai kallo ya gano ɗan bambancin da ya rage. Masana'antu ma sun matso: yawancin sabbin samfuran OO suna zuwa da ƙafafu baƙaƙe, da leɓe kusa da ƙa'idar RP-25 ta ƙungiyar NMRA ta Amurka, mai zurfin kimanin milimita 0.64. Layin dai har yau 16.5 ne.