Jinjina ga masu fim ɗin iskoki a Yamai

Turawa na da mai shan jininsu a fim tun Nosferatu na 1922. Mu nan da mayu da iskoki muka tashi, kuma 'yan fim ɗin Nijar ba su je aron tsoro ko'ina ba. Moustapha Alassane ya ɗauko labarin Boubou Hama ya shirya Toula: fari ya ƙone ƙasa, boka ya ce iskar ruwa budurwa take so. Alassane ne kuma ya zana kwaɗi da hannu suna mulki a Bon Voyage Sim, 1966, da kayan aiki ƙalilan. Gwaninta ke nan! Ya yi aiki tare da Jean Rouch, wanda ya ɗauki fim ɗin 'yan Hauka, masu hawan iskoki, a Akara; a da, cibiyar al'adun Faransa da Nijar a Yamai ta ci sunan Rouch, har zuwa 2024.