Lambobin madogara a rubutun kimiyya: amfaninsu da iyakarsu

Hanyoyi biyu ne suka fi yaɗuwa wajen nuna madogara a rubutun bincike. Ta farko, a ambaci sunan marubuci da shekarar aikinsa cikin jimla. Ta biyu, a sa lamba kaɗai, kamar [4], mai karatu ya nemi bayaninta a ƙarshen maƙala, inda aka jera ayyukan bisa yadda suka fara fitowa cikin rubutun. Ta biyun ta kafu a fannin likitanci bayan taron da editocin mujallu suka yi a birnin Bankuba na ƙasar Kanada a 1978, kuma injiniyoyi ma irinta suke bi.

Amfaninta a fili yake. Bayani kan zazzaɓin cizon sauro yana iya dogara da ayyuka biyar cikin jimla guda. In aka jera sunaye biyar na baƙi da shekarunsu, jimlar ta karye, mai karatu ya manta farkonta kafin ya kai ƙarshe. Lamba kuwa ba ta tare hanya. Saboda haka ta dace da littattafan lafiya da na noma da ake shirya wa malaman yaƙi da jahilci.

Amma a nazarin harshe, shekara ita ma hujja ce. Tsakanin ƙamus ɗin Bargery na 1934 da nahawun Newman na 2000 akwai shekara 66, kuma a tsakaninsu ne aka yi taron Bamako na 1966 kan daidaita haruffa. In aka mayar da su [2] da [9], sai su yi kama da shaidu na zamani ɗaya, alhali dole manazarci ya san Hausar wane lokaci ake nufi.

Akwai kuma matsalar suna. Tsarin Bankuba yana gabatar da sunan dangi, ya rage sunan yanka zuwa harafi guda. A al'adar Hausa kuwa, suna na biyu sau da yawa na uba ne ko na gari. Ta haka Sa'adu Zungur zai koma "Zungur S", wato gari ya maye gurbin mutum.

Abin da ya kamata shi ne a bar lambobi ga likitanci da fasaha, nazarin harshe ya riƙe suna da shekara. Ko wace hanya aka bi, a rubuta sunan Bahaushe cikakke, yadda aka san shi da shi.