Gasar Siranta da Zafin Garwa

A shekarar 2025 manyan kamfanonin waya biyu suka shiga gasar siranta. Samsung ya fitar da Galaxy S25 Edge mai kaurin milimita 5.8, Apple kuwa ya amsa da iPhone Air mai milimita 5.6. An yaba kyansu ƙwarai. Amma in waya ta rame, wurin batir ne yake raguwa.

Masu wannan gasa ba su san Garwa ba. A watan Maris da Afrilu zafin garin yakan wuce digiri 40, zafi kuwa yana tsofar da batir da wuri. A lokacin ne kuma ruwan madatsar Lagdo, mai ba arewacin Kamaru lantarki, yakan ja baya, a yi ta ɗauke wuta. Ɗan kasuwar da wayarsa ta mutu da azahar ya rasa ciniki ke nan.

Tecno, Infinix da Itel, 'ya'yan gidan Transsion, sun fi kulawa da girman batir, sun kuwa cancanci yabo. Duk da haka yawancin wayoyinsu ma a manne batirin yake. Gasar da za ta amfani talaka ita ce ta batirin da zai jure zafi, wanda mai gyara zai canja da araha.