Tukunyar Rabi Da Kartar Waya

Yau ba maganar girki zan yi muku ba, ba kuma ta kwalliya ba. Wani tsohon littafi ne ya hana ni barci, shi da wata karta da ake bugawa a waya. Ku dai biyo ni sannu, za ku ga inda suka haɗu.

Wata biyar ke nan ɗiyar yayata tana zaune a gidana nan Fagge, ita da yaranta biyu. Aurenta ne ya mutu, saki ɗaya, har ta gama idda. Ba zan ce ga mai laifi ba, don tsakanin miji da mata sai Allah. Abin da ya dame ni shi ne yadda yarinyar nan ta koma, ta wuni ta kwana kanta a sunkuye kan waya. Da farko na ɗauka littattafan nan na WhatsApp take karantawa, waɗanda ake biyan kuɗi a saka mace a rukuni tana samun shafi-shafi. Na ce to da sauƙi, ko ba komai karatu ne. Ran nan na leƙa, ashe karta take bugawa, wadda ake kira Whot.

Ni ba baƙuwar Whot ba ce. Muna yara mun buga ta, a wajen 'ya'yan wata ƙawar innarmu 'yar kudu da ke Sabon Gari muka koya, muka zo da ita gida muna ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Wani Bature ne ya ƙirƙiro ta a Ingila a 1935, amma yau ta fi zama tamu fiye da tasu. Kati 54 ne, zane iri biyar, da'ira da kuros da mai kusurwa uku da mai kusurwa huɗu da tauraro. Kowa so yake ya riga zubar da na hannunsa. In ba ki da wanda ya dace sai ki je kasuwa, wato ki ɗebo daga tulin da ke tsakiya. Aka jefa miki mai lamba 2 ki ɗauki biyu, mai 14 kuwa kowa da kowa sai ya je kasuwa, mai 20 shi ne sarki, mai shi ya nemi zanen da ya ga dama. Daɗinta da takaicinta duk wuri ɗaya suke. Saura miki kati ɗaya tak, kin buɗe baki za ki yi guɗa, sai ta kusa da ke ta jefo miki lamba 2.

Waccan ta tabarma tana da ƙarshe, don in aka kira magariba ko aka aike mu sai a watse. Ta waya kuwa ba a watsewa. Ƙarfe biyun dare ma akwai wanda ke jiranki, ba ki san shi ba bai san ki ba. Ta fara da ta wasa, daga nan ta koma wadda ake zuba kuɗi. Ranar da na ce ta kawo kuɗin da mahaifinta ya aiko don a ɗinka wa yara kaya, sai ta fashe da kuka. Na ce ke, wannan ai caca ce tsagwaronta, kin kuwa san hukuncinta. A 2024 Hisba ta bi shagunan cacar ƙwallo a Kano ta garƙame, amma wa zai shiga ɗakin bazawara ya garƙame abin da ke cikin tafin hannunta?

Faɗa na yi har na gaji. Sai na tuna da akwatina na ƙarfe, na buɗe na zaro mata Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, bangonsa duk ya yage. Na ce ungo, tunda idonki ba ya son barci.

Ku 'yammatan yanzu ba ku san yadda muka sha wuya a kan littattafan nan ba. A kasuwar Sabon Gari ake sayo su, ƙanne maza muke aika, wadda ba ta da kuɗin saye ta karɓi haya. Littafi ɗaya sai ya zaga gida goma kafin ya dawo, da man ja a jikinsa. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da ya fito a 1991, da na Anti Bilki Funtuwa, duk a ƙarƙashin filo muka karance su, don iyaye da malamai sun ce su ke lalata tarbiyya. Maganar ba ta mutu da wuri ba, a 2007 zamanin Malam Ibrahim Shekarau har tara irinsu aka yi aka cinna musu wuta a wata makarantar 'yammata, da sunan A Daidaita Sahu. To shi Alhaki, da ya fito a 1990, an jefa shi cikin buhun littattafan soyayya ne kawai, amma wallahi soyayyar cikinsa kaɗan ce. Littafin cefane ne, da kuɗin makaranta, da kishiya, da saki. Marubuciyar, ƙanwar marigayi Janar Murtala, ita kanta an cire ta daga makaranta aka aurar da ita tana da shekara 13, don haka ba labarin kanzon kurege take ba mu ba. An yi fim ɗinsa a 1998, a 2012 kuma wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci da Aliyu Kamal ya yi. Abin ya ba ni dariya, mu da muka ƙare ƙuruciya muna kallon finafinansu, yau ga su suna karanta Rabi.

Ga wadda ba ta karanta ba, labarin a taƙaice. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa, 'ya'yansu tara. Yana da hali amma gidansa a wulaƙance, abin da yake bayarwa ba ya kai su ko'ina, ita ke ƙuƙutawa ta cike. Sai ya auro Delu, macen da ta daɗe a bariki. Rigima ta tashi, ya saki Rabi, ta fita da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci tana riƙe su. Babbar 'yarta Saudatu ta auri mai kuɗi, Alhaji Abubakar. Shi kuwa Alhaji Abdu gobara ta cinye masa shago, asirin Delu ya tonu, ya wayi gari ba tsuntsu ba tarko. Sai ya dawo yana neman Rabi. Ba ta so, amma mazan da ke kewaye da ita suka matsa mata lamba har ta koma.

Kwana biyu ta yi da shi, ban ji ƙarar kartar nan ba. A dare na biyu sai na ji tim, ta yi jifa da littafin a bango. Ta fito ido jawur ta ce, "Anti, don Allah me ya sa kika ba ni wannan? Duk wahalar da matar nan ta sha, sai da ta tsaya da ƙafarta sannan za a ce ta koma? Ai wannan shi ne saura kati ɗaya a ce ki ɗauki biyu."

Na san abin da ya sa ya yi mata zafi. Tsohon mijinta ya fara turo manya yana neman kome, kawunnanta kuma sun fara cewa ta duba yara.

Ni ma da na karanta shi ina budurwa haka na ji, har na yi fushi da Hajiya Balaraba na ce ta ci amanar mata. Yanzu da furfura ta fara leƙo min, na sake karanta shi bayan yarinyar ta ajiye, sai na ga ba a nan laifin littafin yake ba. Ƙarshen nan gaskiya ne. Wace ce a cikinmu ba ta san wata Rabi ba? Mace ta yi shekaru tana wahala ita kaɗai ba wanda ya leƙo, ranar da namiji ya karye sai ka ga dangi sun cika zaure, kowa da wa'azin haƙuri a bakinsa. Marubuciyar ba ta shafa wa abin zuma ba, ba ta ce Rabi ta koma da murna ba. Ta bar mu da ɗacin a baki, kuma ɗacin ne ya sa bayan shekara talatin da wani abu yarinyar da ba a haifa ba lokacin ta yi jifa da shi. Littafin banza ba a jifa da shi, hamma ake yi a ajiye.

Inda nake da ja da Hajiya wuri biyu ne, kuma duk abu ɗaya ne. Na farko gobarar nan. Sunan littafin ma ita yake nufi, wai alhaki ya bi mai shi. To amma 'yan uwa, mu da ke Fagge mun ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016, hayaƙi ya rufe sama, shaguna bila adadin suka ƙone. Wuta ba ta tambayi wa ke ciyar da iyalinsa wa ke wulaƙanta su ba. Na san mutumin kirki da ya tsaya da rigar jikinsa kawai, na kuma san azzalumin da ko ƙyallensa bai ƙone ba, yana nan yana ƙara aure. Allah ba ya barin zalunci, wannan haka yake, amma bai yi mana alkawarin za mu ga sakayya a wata shida ba. Littafin da zai sa mace ta zauna tana jiran shagon tsohon mijinta ya kama da wuta, ya ba ta abin da ba zai riƙe ta ba.

Na biyu auren Saudatu. Yarinya mai hankali da kunya, mai kuɗi ya gan ta ya ƙyasa, daga nan gida ya samu inuwa. Muna 'yammata nan ne muka fi so, mu karanta mu sake karantawa, kowa na hango kanta a gidan Alhaji Abubakar. Yanzu kuwa sai na ga ai katin 20 ne marubuciyar ta zaro daga kasuwa ta miƙa wa Rabi. In da bai zo ba fa? Mata nawa ne ke da 'ya'ya masu hankalin Saudatu, har yau ba wani Alhaji da ya tsaya da mota a ƙofar gidansu? Kuma abin haushi, wannan wurin ne marubutan baya suka fi kwaikwayo. Ki buɗe littattafan waya na yanzu ki gani, daga matashin mai kuɗi sai ɗan sarki sai babban soja, yarinya talaka tana tafiya ya kusa buge ta da mota. Sun ɗauki Alhaji Abubakar sun bar Rabi a bakin murhu.

Ni kuwa bakin murhun nan ne littafin. Wurin da Rabi ta share hawaye ta ɗora tukunya, ta san abin da ta kashe da abin da ya dawo, yara suna taimaka mata, ana ci ana zuwa makaranta. Ba a yi masa ado ba, ba kalaman soyayya, shi ya sa da muna yara muke tsallake shi. Amma shi kaɗai ne abin da ba rabo aka raba mata ba, ita ta yi da hannunta. Kuma ko da aka mayar da ita, ba Rabin da aka kora ce ta koma ba. Waccan tana jiran abin da za a ajiye mata da safe, wannan kuwa ita ke ciyar da wanda ya kore ta. An fi ƙarfinta a zaure, amma tukunyar tata ce. Da Hajiya ta rage shafukan zancen Saudatu ta ƙara mana na sana'ar Rabi, yadda ta samu jari, ranar da abinci ya yi kwantai, ranar da mai bashi ya gudu, da littafin ya fi haka nisa.

Haka na faɗa wa ɗiyar tawa da safe muna tsintar shinkafa. Ta yi shiru, can ta ce, "To Anti, ke kina ganin in koma?" Na ce ni ba zan ce ki koma ba, ba zan ce kar ki koma ba. Kin gama idda, sai da yardarki za a sake ɗaura wani aure, wannan haƙƙinki ne da addini ya ba ki, kada wani kawu ya ruɗe ki. Amma ko nan ko can, me ke hannunki? Ba ta ba ni amsa ba.

Kada in yi muku ƙarya in ce ta bar karta. Ta goge mai cin kuɗin, ni na tsaya a kanta, amma ta wasan tana nan, jiya ma da dare na ji ƙararta. Sai dai shekaranjiya ta tambaye ni nawa ake sayar da kwanon wake yanzu, kuma ko 'yan Kantin Kwari suna sayen alala da rana. Na ce ta je ta tambayo da kanta, ga ƙaninta ya raka ta. Kawunnan nata sun ce za su zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Littafin kuma ta ba wata ƙawarta aro ba da sanina ba, ita ma ta ba wata. Don Allah duk wadda yake hannunta a Fagge, marar bangon baya ne, an rubuta sunana da jan biro a shafin farko, ta dawo min da abina.