Rosalba Carriera da Zanen Mutum da Allin Launi

Fastel ba irin fentin da ake damawa da mai ba ne. Garin launi ake kwaɓawa da ɗan ƙaro, a mulmula shi kamar allin makaranta, a bari ya bushe. Mai zane ya goga a kan takarda mai ɗan kaushi, galibi shuɗiya, ya bi da yatsa yana murzawa. Ba buroshi, ba jiran bushewa. Kafin ƙarni na 18 an fi ɗaukarsa abin share fage kafin babban aiki. Wadda ta fitar da shi kunya mace ce, Rosalba Carriera, haifaffiyar birnin Venis na Italiya a 1673.

Mahaifiyarta saƙar leshi take yi, ita kuma ta soma da zana ƙananan hotuna a murfin battar garin taba da kan hauren giwa. Idon da ya saba da ƙanƙanin abu ne ta kawo wa fastel. A duba wuyan rigar matan da ta zana. Sai ta fara shimfiɗa launi mai duhu, sannan ta kwantar da farin alli ta ja shi sama-sama, garin ya maƙale a tudun takardar, ya tsallake kwarinta. Daga nesa leshi ne sak, har da ƙofofinsa. Matso kusa, ƙura ce kawai. Fatar kunci kuwa murza ta take yi har iyakar haske da inuwa ta ɓace, sannan ta ɗiga fari guda a ƙwayar ido, fuska ta farka.

A zamaninta ba ta ɓuya ba. Ƙungiyar masu zane ta San Luka da ke Rum ta karɓe ta a 1705. A 1720 ta je Faris, ta zana Sarki Luwi na 15 yana yaro, ta zana mai zane Watteau, ƙungiyar masu zane ta masarautar Faransa ita ma ta sa ta a cikinta. Sarki Agustus na 3 ya tara ayyukanta sama da 150 a Dresden ta Jamus.

To, ina aka samu matsala har sunanta ya dushe daga baya? Masu rubuta tarihin zane sun jera manyan hotunan yaƙi da na labaran addini a sahun gaba, hoton fuska a baya, fastel kuma can ƙurya, wai kayan kwalliya ne da ya dace da hannun mata. Amma da mai zane Maurice Quentin de La Tour ya bi hanyar da ta buɗe a Faris, gwani aka kira shi. Wannan rashin adalci ne ƙarara. Akwai kuma laifin kayan aikin kansa: garin bai gama kama takarda ba, girgiza kaɗan sai ya zube, shi ya sa yake zaune bayan gilashi, gidajen tarihi ba sa son ba da aronsa. Ita ma ta san haka. Takan cusa ƙaramin hoton masu hikima uku na labarin haihuwar Almasihu a bayan firam don neman tsari a hanya. Aikin da ba ya yawo, sunan mai shi ma ba ya yawo.

Gaskiya wasu hotunan 'yan matanta sun yi kama da juna, zaƙi ya yi musu yawa, don abin da masu saye ke so ke nan. Amma mai cewa ba ta iya komai ba sai ƙawata attajirai bai ga hoton da ta yi wa kanta da tsufa ba, wanda ke gidan zane na Accademia a Venis: furfura, leɓe a tsuke, ido a gajiye, ko ɗigon kwalliya babu. Ba da jimawa ba yanar ido ta ci ƙarfinta, aikin likita bai yi amfani ba, ta rasu a makance a 1757. A 2023 Dresden ta shirya mata baje koli na cikar shekara 350 da haihuwa, da kusan rabin abin da Sarki Agustus ya tara, don sauran sun watse.