Zane a Ƙamusun Bargery: Bita Daga Jos

Masu sayar da atamfa a kewayen Taminus, inda suka bazu tun da babbar kasuwar Jos ta ƙone a 2002, da yawansu za su ce maka zane ya samo sunansa ne daga zanen furanni da ake bugawa a jikinsa. Bayani ne mai daɗin ji. Sai dai ƙamusun da G. P. Bargery ya wallafa a 1934 ya sa masa alamar tambaya tun da daɗewa, ba tare da ya tsaya jayayya ba.

Bargery ɗan mishan ne daga Ingila da ya shafe shekaru yana bin garuruwan Hausa yana tattara kalmomi, har ya haɗa kusan 39,000. Babbar baiwar littafin ita ce yana nuna tsawon wasali da karin sauti, abin da rubutunmu na yau da kullum ke ɓoyewa. A nan ne maganar ta warware. Zanen ɗaurawa, mai jam'in zannuwa, wasalinsa na farko gajere ne, murya ta ɗaga sannan ta sauka. Zanen alƙalami kuwa, daga zana, wasalinsa dogo ne, murya ta faro ƙasa ta hau. Kunnen Bahaushe bai taɓa haɗa su ba, takarda ce ta haɗa su. Ga shi kuma mata sun daɗe suna ɗaurin ƙirji da saƙi, ƙyallaye sirara da aka jera aka ɗinke, kafin atamfar Holan ta iso.

Abin da ya fi burge ni shi ne kamun kansa. Inda kalma ta fito daga Larabci yakan nuna, inda ta Katsina ce ko Sakkwato yakan faɗa. Bai ɗora wa kansa ƙirƙiro asalin kowace kalma ba, ya bar mai karatu da kayan aikin da zai gane da kansa cewa mayafi daga yafa yake, kamar yadda mabuɗi yake daga buɗe.

Yana da nakasu. Bayanin duk da Turanci ne, don haka mai ɗaura zanen ba ita aka rubuta wa ba. Sai a 2006 Jami'ar Bayero ta fitar da ƙamusun da ke fassara Hausa da Hausa. Hausar Jos ma, wadda Birom da Afizere da Anaguta da Bahaushe ke ciniki da ita, ba nan ya karkata kunnensa ba. Kada kuma ka nemi sunayen atamfa irin su sufa ko shiganbi a ciki, zamani ya wuce shi.

Duk da haka, har yau babu wanda zai yi maganar sunayen suturarmu da hujja bai buɗe shi ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta sake buga shi a 1993, kuma yana nan a intanet. Ɗaliban harshe na Jami'ar Jos, ku ɗauke shi ku shiga Taminus ku rubuta sunayen da bai tarar ba.