Taya Kafin Tafiya: Gwanintar Masu Gyaran Keke a Mando

Mando mararraba ce. Daga shataletalen unguwar, hanya ɗaya ta miƙe zuwa filin jirgin sama da Birnin Gwari, wata ta gangara Kawo ta haɗe da titin Zariya. Unguwar matafiya ce, shi ya sa gwanin gyaran keke a nan ba ya miƙa wa mutum taya sai ya tambaye shi abu uku: "Malam, ina za ka? Wace hanya za ka bi? Da kaya ko ba kaya?"

Irin waɗannan tambayoyin ne 'yan gasar Ironman su ma suke yi wa kansu kafin su zaɓi taya. An fara gasar a Hawai ta Amurka a 1978: ninƙaya kilomita 3.8, tseren keke kilomita 180, sannan gudun ƙafa kilomita 42. Tseren keken kaɗai ya ɗara zuwa Zariya daga Kaduna a dawo. Idan taya ta yi faci a tsakiyar hanya, galibi ɗan tseren ne zai sauka ya gyara da kansa, abokan hamayya suna wuce shi.

Abin farko da gwani yake dubawa shi ne lambar da ke jikin taya. Tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix suna cin taya mai lamba 635, kekunan tsere na gwanjo kuwa 622 ne. Duka biyun akan kira su inci 28, amma ɗaya ba ta zama a kan wilin ɗayar. Sabon shiga yakan sayo ya yi ta kokawa da ita, gwani kallo ɗaya zai yi ya ce, "Mai da ta, ba ta kekenka ba ce."

Sai faɗi da iska, kuma a nan ne ido yake yaudarar mutane. Shekaru da dama 'yan tsere sun ɗauka siririyar taya mai milimita 23, wadda aka ɗura wa iska har ta yi tauri, ita ce sarauniyar gudu. Yau yawancinsu sun koma 25 zuwa 28, sun kuma rage iska. Dalili kuwa, taya mai tauri tsalle take yi a kan kowace tsakuwa, ƙarfin da ya kamata ya tura keke gaba sai ya ƙare a girgiza, girgizar kuma ta taru a cinya da ƙugu. Mai sauran gudun kilomita 42 a gabansa ba zai yarda keke ya cinye masa ƙafa ba. Mai gyara na Mando ya daɗe da sanin haka ba tare da na'ura ba. Da babban yatsa yake danna taya, ya ƙara wa ta baya iska don ita ke ɗauke da nauyi, ya sassauta wa mai bin burji, ya kuma bar ɗan sarari saboda zafin kwalta da rana tsaka yana ƙara matsin iskar.

Abu na uku shi ne kauri. Taya mai laushin jiki ta fi gudu, amma ƙusa da fasasshiyar kwalba da ƙayar tsidau ba sa yi mata da sauƙi. Mai kauri tana jure wa duk wannan, sai dai tana da nauyi a ƙafa. 'Yan tsere da yawa sun koma taya marar tif, wadda ake zuba wa ruwan roba a ciki ya toshe ƙaramin huji nan take. A nan gida, inda sholisho da faci suke kusa, gwani yakan zaɓa wa mai doguwar tafiya matsakaiciya, ya ce masa sauri kan haifi nawa.

Kafin ya ɗaura, sai ya lanƙwasa gefen tayar ya duba ko ta tsattsage don daɗewa a rana, ya shafa cikinta da yatsa ko akwai ƙaya, ya tabbatar kan sifoki bai leƙo zai huda tif ba. Aikin 'yan mintuna ne, amma shi ke raba wanda zai isa Zariya a kan sirdi da wanda zai tura kekensa a kafaɗar titi yana cigiyar mai faci.